Orangutan ɗin da ba za su sake komawa daji ba: tambayoyin da kuke ta yi da amsoshinsu

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon sakin orangutan ya san yadda yake, a ɗaga ƙofar akwati, jan biri ya fito da sauri ya ɗare bishiya ko waige babu, ma'aikata na share hawaye, kowa ya ce masha Allah ya wuce. To ni ba waɗannan ne suka tsaya min a rai ba. Waɗanda aka bari a baya nake magana, makafi da guragu da masu tari da ƙattin mazan da suka girma a keji, waɗanda likita ya duba ya ce wannan kam shi da daji sai dai a mafarki. Tun da na fara zancensu ake ta jefo min tambayoyi, wasu na neman sani wasu na neman faɗa, ga su nan na haɗa.

Tukunna ma, shi orangutan ɗin goggon biri ne ko me?

A'a ba shi bane. Babban biri ne mai jan gashi, ba shi da wutsiya, hannayensa dogaye ne sosai, babban namiji in ya ware su sun haura mita 2. Sunan daga yaren Malay yake, orang mutum hutan daji, wato mutumin daji. A tsibirai biyu kawai ake samunsa a duniya, Borneo da Sumatra, ƙasashen Indonesiya da Malesiya kenan. Iri uku ne: na Borneo da aka ƙiyasta sun ɗan haura 100,000, na Sumatra wajen 14,000, sai na Tapanuli, shima a Sumatra, da sai 2017 ma aka tabbatar iri ne na daban, su ko 800 basu cika ba. Dukkansu suna jerin dabbobin da ke bakin ƙarewa.

Daga hannun wa ake ceto su?

Yawanci daga gidajen mutane. Ana sare daji a yi gonar kwakwar manja ko a haƙi kwal ko a kwashi katako, ga gobarar daji irin ta 1997 da ta 2015 da ta cinye wurare ba iyaka, uwa ta rasa abinci ta shigo gona, mai gona ya harbe ta, a ɓamɓare jaririn daga jikinta a sayar ko a ajiye a gida. Uwar orangutan bata sakin ɗanta da rai, saboda haka duk jaririn da ka gani a hannun wani ka ƙaddara an kashe uwarsa. Akwai wani ɗan ƙarami Budi da aka karɓo a yammacin Kalimantan, wato ɓangaren Borneo na Indonesiya, a kejin kaji aka ajiye shi ana bashi madarar gwangwani mai sukari ita kaɗai, har gaɓoɓinsa suka kumbura, in an taɓa shi sai ihu.

Wasu kuma daga waje ake dawo dasu. A shekarun 1980 an yi yayin ajiye su a gida a Taiwan, aka yi ta fasa-ƙwaurinsu. A 2006 an dawo da guda 48 daga Tailan, an same su a wani wurin shaƙatawa a Bangkok inda ake sa wa orangutan gajeren wando da safar hannu suna dambe mutane na dariya. A dokar Indonesiya haramun ne ajiye shi a gida, hukumar gandun daji ce ke ƙwacewa ta miƙa wa cibiyoyin kula.

To in an ƙwato ba sai a kai shi bakin daji a buɗe masa ba? Ai dabba ce, ta san hanyarta.

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Ɗan akuya ana haihuwarsa zai miƙe ya fara tsintar ciyawa, orangutan ba haka yake ba. Shekara 6 zuwa 8 yake yi manne da uwarsa, ita ke nuna masa wane ɗan itace ake ci wane ne guba, wace bishiya ke nuna a wane wata, yadda ake ɓare ɓawo a ci na ciki lokacin da 'ya'yan itace suka yanke, yadda ake fasa gidan gara, da yadda ake lanƙwasa rassa a yi sheƙar kwana a sama, don kusan kullum da yamma sabuwar sheƙa suke yi. Wanda aka raba da uwa yana wata shida bai san ko ɗaya ba.

Shi yasa cibiyoyi irin Nyaru Menteng kusa da garin Palangka Raya da Samboja Lestari a gabashin Kalimantan, duka na gidauniyar BOS mai ceton orangutan na Borneo da ta fara aiki a 1991, suke da abin da suke kira makarantar daji. Matan ƙauyukan wurin ne ke zama iyayen goyo, da safe a zuba yaran a baro a tura su cikin itatuwa, a wuni ana koya musu hawa da neman abinci, har macijin roba ake ɓoyewa a ganye malama ta yi kururuwa ta ɗau sanda ta hau dukansa don su koyi tsoro. Shekaru ake yi a haka, sannan a kai su wani tsibiri a gwada su, wanda ya ci jarabawa a sake shi. Tun 2012 BOS ta saki sama da 500. Amma kamar kowace makaranta, ba kowa ke fita da sakamako ba.

Su wane ne basa fita ɗin?

Na farko waɗanda aka nakasa. Akwai wata mace a Aceh, arewacin Sumatra, da aka samu a watan Maris 2019 a wata gona a yankin Subulussalam, da aka yi mata hoton ƙashi sai aka ƙirga ƙananan harsasan bindigar iska, irin ta harbin tsuntsu, guda 74 a jikinta, idanu duka sun tafi, ƙashin kafaɗa a karye, jaririnta ɗan kimanin wata ɗaya ya mutu a hanya kafin a isa asibiti. Suka sa mata suna Hope, wato fata. Yara biyu matasa ne suka harbe ta, kuma hukuncin da aka yanke musu shine su yi wata ɗaya suna kiran sallah a masallacin ƙauyensu, abin da ya jawo surutu sosai a ƙasar. Ita dai ta rayu amma makauniya zata gane ɗan itacen da ya nuna a saman bishiya mai mita 30? Kafin ita akwai wani namiji Leuser, shi 62 aka samu a jikinsa, shima ya makance.

Wanda ya fi tsaya min shine Kopral. A gida aka ajiye shi, ya kuɓuce ya ga falwaya ya ɗauka bishiya ce ya hau, wuta ta ja shi. A 2009 aka kawo shi Samboja Lestari hannayen sun riga sun lalace, dole aka yanke duka biyun. Ka tuna dabba ce da duk rayuwarta a hannu take. Amma ka ganshi yana hawa, ya cafki reshe da ƙafa ɗaya, ya sa baki ya ciji na sama ya ja jikinsa, ya ɗago ɗaya ƙafar ya kama, a haka har ya ƙure bishiya, kuma ya koyi yin sheƙa da ƙafa da haƙori, abin da wasu masu hannu biyu a ajinsu suka kasa. Duk da haka ba a sake shi ba kuma ina ganin daidai ne, don ranar da wani ƙaton namiji ya tare shi a daji ba shi da abin kare kai.

Na biyu masu cuta. Jininmu da nasu kusa yake, wajen kashi 97 cikin 100 na ƙwayoyin halitta iri ɗaya ne, saboda haka duk abin da mai gida ke fama dashi birin ma zai ɗauka, musamman tarin tibi. Ko ya sha magani ya samu sauƙi ba a yarda a kai shi cikin na daji, kar a je ceton ɗaya a kashe ɗari. Akwai kuma wani ciwon numfashi da ke addabarsu, majina da ruɓa su taru a wata jaka da suke da ita a maƙogwaro, ya lafa ya dawo ya lafa ya dawo har ƙarshen rai.

Na uku, kuma su ne suka fi wahalar sha'ani, lafiyarsu ƙalau amma sun daɗe a hannun mutane. Wanda ya shekara 15 a keji a bayan gida ana bashi shinkafa da shayi har da sigari, bai taɓa hawa bishiya ba, a ƙasa yake tafiya, in ya ga mutum wajensa yake nufa. Ka sake shi gobe zaka same shi a kicin ɗin wani, jibi kuma an harbe shi. Kuma ya wuce makaranta, don ƙaton namiji mai faffaɗan kumatu mai kilo 80 ko 90 ba wata uwar goyo da zata riƙe masa hannu ta ce hau nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

In an ce ba zai koma ba, shikenan an rufe littafinsa?

Ba kullum ba. Akwai wata tsohuwa Gober a Sumatra da yanar ido ta makantar, aka ajiye ta a cibiyar killacewa ta Batu Mbelin kusa da Medan. A 2011 ta haifi tagwaye, kuma uban shine Leuser makahon nan, makaho da makauniya. A 2012 aka yi mata aikin ido ta dawo tana gani, a 2015 aka sake ta a dajin Jantho a Aceh tare da macen cikin tagwayen, namijin ne ya kasa binsu aka dawo dashi.

Sai maganar ciwon hanta nau'in B. Da can duk wanda aka gwada aka ga yana dashi sai a ware shi a ce daga mutane ya ɗauka, ba shi ba daji. Daga baya bincike ya nuna orangutan suna da nasu irin na asali wanda har na daji ma suna ɗauke dashi. To amma kafin a gane haka wasu sun riga sun tsufa a keji, lokacin koyonsu ya wuce.

A ina ake ajiye su, keji ne har mutuwa?

Gaskiyar da ba a cika nunawa a bidiyo ba ita ce eh, da yawa har yanzu a keji suke, na ƙarfe, an ɗaga shi sama da ƙasa don a riƙa wanke ƙarƙashi. Ba mugunta bace, wuri ne babu, kuma manyan maza basa zama tare, ka haɗa biyu sai an kwashi ɗaya. Kowane ƙato na buƙatar nasa fili.

Dabarar da aka samo ita ce tsibiri. A haƙa rami mai faɗi a zagaye fili da ruwa, a bar bishiyoyi ko a dasa, a kafa dogayen turaku da igiyoyi da rumfar fakewa, a sa namiji ɗaya da mace ɗaya ko biyu. Samboja Lestari na da irin waɗannan da yawa. Wani Romeo da aka dawo dashi daga Taiwan a 1993, ciwon hantan nan ne ya hana a sake shi, ya zauna a keji har 2017 kafin aka samar masa tsibiri, shekara 24 kenan yana kallon sama ta tsakanin ƙarafa. A tsakiyar Kalimantan kuma akwai tsibirin Badak Kecil a cikin tsibiran Salat, shi daji ne na gaske kogi ya zagaye, an ware shi musamman don waɗanda ba za a saka ba amma suna iya ɗan fafutuka da kansu. A Sumatra an gina wani wuri kusa da Medan mai suna Orangutan Haven, fili ne kusan hekta 50 da ƙananan tsibirai, don irinsu Leuser aka yi shi. Masu tibi kuwa ɓangarensu daban, ma'aikatansu da takunkumi da takalman roba.

Basa tsallake ruwan su gudu?

Basu iya iyo ba, jikinsu nauyi gareshi, shi yasa ruwa ya fi katanga aiki. Amma fa sai an yi ta sa ido, don wayonsu ya wuce tunani, reshe ɗaya ya karkato kan ruwa ya isa, wani sanda zai ɗauko ya auna zurfin ruwan kafin ya sa ƙafa. A gidan namun daji na Omaha a Amurka an yi wani a 1968 mai suna Fu Manchu, sau da yawa ana samun ƙofarsa a buɗe shi da iyalinsa suna kan bishiya a waje, shugaban masu kula da dabbobin wurin har ya fara shirin korar ma'aikata don yana zaton sakaci ne, ashe ɗan guntun waya gogan ya lanƙwasa yake buɗe sakata dashi, in ya gama ya ɓoye shi tsakanin leɓe da dasashi.

Me suke ci, kuma me suke yi duk wuni?

Tsibirin bai isa ya ciyar dasu ba, saboda haka safe da yamma ma'aikata ke zuwa a kwalekwale da kwanduna, ayaba gwanda abarba kankana rake masara dankali kokwamba da ganyaye, a zuba a wani dandamali, a tsaya a ƙirga kowa ya fito, wa ke tari, wa bai ci ba, wa aka ƙwace wa nasa. Ba a cika musu kayan zaƙi don wanda baya yawo in ya samu ayaba yadda yake so ƙiba ce da ciwon suga.

Abin da ya fi abinci wuya shine zaman banza. A daji rabin wuninsa neman abinci yake, a keji minti goma ya gama, sauran awannin fa? Sai kaga ya fara jijjiga jiki gaba da baya ba tsayawa, ko yana tuge gashinsa, ko ya juya wa duniya baya ya ƙi kallon kowa. Don haka akwai ma'aikatan da aikinsu kenan kullum, ƙirƙiro masa wahala. A huda gungumen icce a ɗura zuma a ramukan sai ya nemi tsinke ya yi ta zaƙulowa, a cusa gyaɗa a cikin gora a toshe da ganye, a daskarar da 'ya'yan itace cikin ƙanƙara, a saƙa masa lilo da tsohuwar mesar 'yan kwana-kwana don ita kaɗai ce baya tsinkawa da wuri, da yamma a miƙa masa damin ganye ya shimfiɗa gadonsa ko da a kan ƙarfe ne. Ka bashi buhu kuwa, zai lulluɓa dashi kamar mai jin sanyin hunturu ya leƙo da ido ɗaya. Ana kuma koya musu miƙo hannu a ɗebi jini ko buɗe baki a duba, masu ciwon numfashi har su saba zama a sa musu na'urar shaƙar magani, don allurar barci kowane lokaci haɗari ce ga mai ciwon ƙirji.

Har tsawon shekara nawa ake wannan hidimar?

A daji suna kai 35 zuwa 45, a hannun masu kula kuwa 50 ba abin mamaki bane. Wata Puan a gidan namun daji na Perth a Ostireliya tana da 62 ta mutu a 2018. To lissafa, wanda aka makantar yana ɗan shekara 6, wanda ya karɓe shi zai yi ritaya, wanda ya gaje shi ma zai yi ritaya, birin na nan yana jiran kwalekwalen safe. Kuma masu bada tallafi jarirai a baro suke so, ba wanda ke rububin ɗaukar nauyin tsohon namiji mai tari da ke tofa wa baƙi yawu.

Ana barinsu su haihu?

Galibi a'a, ana sa wa matan irin ɗan abin tazarar haihuwa da ake sakawa a ƙarƙashin fata. Wurin da ake dashi bai ishi na hannu ba balle a ƙaro. Tagwayen Gober ba tsarin da aka saba bane.

Me zai hana a rarraba su gidajen zoo na duniya?

Na Indonesiya dukiyar gwamnati ne, ba a fitar dasu haka nan, kuma mai tibi ba wanda zai karɓa. Waɗanda aka haifa a ƙasashen waje ma nasu matsalar daban, da yawa ruwa biyu ne, uba na Borneo uwa ta Sumatra, ba dajin da za a kai su. Irinsu ce Sandra da aka haifa a Jamus a 1986 ta yi shekaru a gidan zoo na Buenos Aires a Ajantina, a 2015 wata alƙaliya ta yanke cewa tana da haƙƙoƙi irin na mai rai ba kaya bace, aka yi ta murna an 'yanta ta, to 'yancin ina? Sai 2019 aka kai ta wata cibiya a Wauchula ta jihar Fulorida a Amurka, inda ake tara tsofaffin birran fim da na gida. Can ma kulawa ce har mutuwa, sai dai da sarari da 'yan uwa.

Mutane na kwana da yunwa ana kashe kuɗi kan makahon biri. Ba gara a yi masa allura ya huta ba?

Wannan ita aka fi yi min kuma bana ganin laifin mai yinta. In dabba na cikin azabar da ba magani likitoci kan yanke shawarar hutar da ita, wannan daban. Amma Kopral ba azaba yake ciki ba, yana ci yana wasa yana cin zalin na ƙasa dashi. Kuma ba shi ya kawo kansa ba, mutum ne ya sare dajin, mutum ya harbe uwar, mutum ya kafa falwayar. Mu da muka taso ana karanta mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, bata ciyar da ita ba bata sake ta ta nema ba, bai kamata wannan lissafin ya zame mana baƙo ba. Sannan akwai dalili na aiki: in cibiya ta ce ta daina karɓar nakasassu, jami'in da ya je ƙwace biri a gidan wani ina zai kai shi? Sai ya bar shi a wurin, dokar ta zama ta takarda. Kuɗin kuma ba a daji ake zubarwa ba, manoman ƙauyukan ne ke sayar musu da kayan marmari, 'ya'yansu ne ma'aikatan.

Ance manja ne ya jawo. Mu daina cin manja kenan?

Kwantar da hankalinki Hajiya, manjan miyarki ba shi bane. Abin dariyar ma itacen namu ne, asalinsa Afirka ta Yamma, Turawan Holan ne suka kai 'yan tsirai huɗu lambun Bogor a tsibirin Java a 1848. Yau Indonesiya da Malesiya ke samar da wajen kashi 85 cikin 100 na man a duniya, wanda ake tacewa ya shiga biskit da sabulu da taliyar leda da man gyaɗan da ba gyaɗa a cikinsa. Matsalar ba itacen bace, sare tsohon daji a maye gurbinsa da layi-layin kwakwa ne.

Akwai irin wannan wurin a kusa damu?

Ba orangutan a Afirka, amma akwai aikin iri ɗaya. Drill Ranch a Kalaba da dutsen Afi a jihar Kuros Riba suna riƙe da birran chimpanzee da aka ƙwato daga hannun mutane, haka cibiyar Limbe a Kamaru, kuma yawancinsu nan zasu ƙare rayuwarsu. Ina yaro akwai mai wasa da biri da ke zuwa kasuwarmu, sarƙa a ƙugun birin ta cinye gashin wurin har fata ta yi baƙi ta yi kanta, an sa masa 'yar riga, in aka buga ganga ya yi sallama ya yi tafiyar soja mu kuma muna ta tsalle muna jefa kwabbai. Ban taɓa tambayar ina ake kai shi in ya tsufa ya daina rawa ba.

In Allah ya kaini can zan iya ɗaukar hoto ina rungume da ɗaya?

A'a. Wuraren kirki irin Sepilok a jihar Sabah ta Malesiya, wanda ke aiki tun 1964, ko Samboja Lestari, daga nesa zaka tsaya, ko kan dandamali ko ta tsallaken ruwa, in kana mura ma ka haƙura da zuwa. Lokacin korona a 2020 gaba ɗaya suka rufe ƙofa, ma'aikata kaɗai ke shiga. In ka ga inda ake miƙa maka jaririn orangutan ka biya a ɗauke ku hoto, ka tambayi mai wurin ina uwarsa.